Kafin A Buɗe Wa Inna Ido

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a gidajenmu na Gaya ya san abin da wannan ke jawo wa mutum. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta taɓa tsayar da ido a fuskata ba, ba ta kuma taɓa kai loma baki ina wurin ba. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a Yelu, sai da na isa shiga lakwal, wato makarantar boko, aka maido ni. Na dawo na tarar da mace mai kirki, tana dafa mini abinci, tana wanke mini kaya, in na yi zazzaɓi ta wuni zaune a bakin ƙofar ɗakina, amma in tana so a ba ni ruwa sai ta fuskanci bango ta ce, "A ba wancan ruwa." Kunya ce, ba ƙiyayya ba. Na sani, kowa ma ya sani. Sanin dai bai taɓa hana abin ci mini rai ba.

Ƙanwata kuwa, autarmu, kwano ɗaya suke ci, har tsoka Inna ke turawa gabanta. Ni in na yi sallama tana cikin cin tuwo, kafin in cire takalmi na ji ƙarar murfi. Ta rufe kwanon, ta tura shi ƙarƙashin gado, ta goge hannu, ta ce ai dama ta ƙoshi. Lokacin da wannan abin ya faru shekarata arba'in da shida, ƴaƴana biyar, ina aikin fitar da kaya a duwan, wato kwastan, direbobin kamyo, manyan motocin kaya, tun daga Kwatano suna ce mini patro, wato maigida, amma ban san yadda uwata ke tauna abinci ba.

A shekarar ne yanar ido ta gama rufe mata gani. Ta fara da na hagu, ta koma na dama, har ya kai in Inna za ta ba kaji tsaba sai ta watsa wa turmi. Ƙanwata, da yake a Yamai take aure, ta yi ta zirga-zirga har ta samo randebu, wato ranar ganin likitan ido. Aka ce a kawo ta wata Litinin, saura mako biyar, a yi mata aiki.

A tsakanin nan na je Yamai kai wa wani Alhaji takardun kayansa, shi kuma don jin daɗi ya ja ni wani restora, gidan cin abinci da ake yayi. A sama yake, hawa na uku, tagoginsa na gilashi suna kallon kogi. Kogin nan namu ne, wanda nake gani kullum kyauta a Gaya, amma can an haɗa shi da kilim mai sanyaya ɗaki da farin ƙyalle a kan tabur, ya zama abin kallo. Ban tuna abin da na ci ba. Abin da na tuna, a taburin kusa da mu akwai wani ƙato mai tumbi, sa'ana, da wata tsohuwa wadda ko ba a faɗa ba ka san uwarsa ce, hancinsu ɗaya. Tana ci tana yi masa faɗa, ta miƙa cokali cikin farantinsa ta ɗebi abin da ranta ke so. Shi kuma yana latsa waya abinsa. Wallahi ji na yi kamar in tashi in kwaɗa masa mari, don bai san abin da Allah ya ba shi ba.

Da la'asar a gidan ƙanwata na ba ta labarin, wai ni abin dariya na kawo. Ba ta yi dariyar ba. Ta dube ni ta ce, "Yaya, so kake ka ci abinci da Inna?" Na ce ta bar maganar banza. Ta sake tambaya. Na ce e, ina so, ko sau ɗaya ne, kafin ƙasa ta rufe ɗayanmu.

Ita ta kawo dabarar, in akwai zunubi a ciki sai mu raba. Ta ce na farko, a restora babu gadon da za a tura kwano ƙarƙashinsa. Na biyu, yanzu Inna ba ta ganin abin da ya wuce tsawon hannunta. A kai ta can kafin aikin, a ce mata za a ɗan motsa baki ne don ta samu ƙarfi, a zaunar da ni can ƙarshen tabur, in ci tana ci, ba ta san ina nan ba. Sharaɗin ɗaya ne, in kama bakina na awa guda. Ta ce nan ne take da shakka, don tun da take ba ta taɓa ganin na yi shiru ba sai a salla, can ɗin ma ina gyaran murya.

Na san yaudara ce, na kuma san ba irin zaman mai tumbin nan ba ne. Amma na karɓa hannu biyu. Matsalar ita ce lokaci, don da zarar an buɗe mata ido magana ta ƙare. Inna ta riga ta faɗa cewa ba za ta bar awakinta ba sai ranar Juma'a bayan an sauko masallaci. Lahadi restoran a rufe yake. Litinin aiki. Ya rage Asabar da rana, ita kaɗai tal.

Ina komawa Gaya na kira lambar restoran. Wata mace ta ɗauka, muryarta da sanyi kamar ruwan randa. Ta ce mini da Faransanci wannan Asabar ɗin komple ce, wato wuri ya cika, duk Asabar har wata biyu haka suke, sai dai ta sa ni cikin masu jira. Na ce jira kuma? Abinci zan saya, ba biza nake nema ba. Mu a Gaya in mai tuwo ta ga mutum tsaye, ce wa na kan benci take su matsa. Na tambaye ta ko ba za a ɗan matsa ba, mu huɗu ne kawai, ɗaya ma tsohuwa ce ƴar firit, ba ta cin wuri.

"Na gane, mushe," in ji ta, wato malam da Faransanci. "Amma komple ne."

Washegari na kira na yi mata Zabarmanci, ko ƴar gida ce ta ji tausayi. Ta amsa da Zabarmancin da ya fi nawa, ta gaishe ni har da tambayar gajiya da mutanen gida, sannan ta ce komple. Rana ta uku na shaƙe murya na ce ni sakataren wani babban mutum ne. Ta ce ta gane lambar, ya Gaya, ya zafi? A nan ne na fashe. Na faɗa mata cewa ni da take ji, manyan da ke cika mata kujeru a gabana suke tsayawa da takarda a hannu, na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ta jira na gama tas, ta ce Allah ya huci zuciyata. Babu abin da ke ƙona ni kamar in yi faɗa da wanda ba ya ramawa.

Matata ta ce in haƙura da Yamai, in sayo kifi a bakin kogi ta soya, a yi dabarar nan a gida. Na ce mata a gidan nan ko kazar Inna ta san takuna.

Sai na zauna na yi tunani irin na aikinmu. A wurinmu takarda ba ta taɓa zama komple, kullum akwai wanda ya san wanda ya sani. Kuma a shekarun nan duk abin da Yamai ke ci, da wanda take sha, da wanda take zama a kai, ta kan gadarmu ta bakin iyaka yake wucewa. Restoran da ke da gilashi tun daga ƙasa har sama ba zai rasa kaya a hanya ba. Na sa cigiya cikin direbobi a filin da kamyo ke jiran takarda, duk wanda ya ɗauko kayan wurin nan ya neme ni. Kwana takwas ina bi inuwa inuwa ƙarƙashin motoci, ina shan shayin direbobi, har shayi ya gundure ni.

Rana ta tara wani ɗan Kandi ya ɗago daga tabarmarsa ya ce ai shi ne. Babban tanda na ƙarfe ya ɗauko musu, da akwatunan faranti, kwanansa goma sha ɗaya a zaune. Takarda ɗaya ce ta ɓace tun daga tashar jirgin ruwa, wanda aka ba aikin kuma ya tafi suna ƙauyensu ya kashe waya. Na rungume bawan Allahn nan har ya tsorata, ya ɗauka ko taɓin hankali gare ni.

Na ɗauki aikin da ba nawa ba, ba kuma wanda ya sa ni. Na kira Kwatano na tada mutane, na haye gada zuwa Malanbil sau uku a kan babur ɗin kabu-kabu cikin tsakar rana, na bi layi kamar sabon shiga, na bar masu kayana suna jira suna zagina a waya. Kwana biyu kamyon ya tashi. Ko kayan marigayi babana ban taɓa yi wa irin wannan gudun ba.

Mai restoran da kansa ya kira ni. Ya yi godiya mai yawa, ya ce in faɗi abin da zai yi mini. Ina jin numfashinsa, ya shirya wa babbar magana. Na ce tabur nake so, na mutum huɗu, ranar Asabar kaza da rana, dogo, ba mai zagaye ba. Ya ce shi ke nan? Na ce shi ke nan. Ya fashe da dariya har da tari. Ba a yi minti goma ba madam mai sanyin murya ta kira ni da kanta ta ce, "Mushe, an samu." Na kasa kunne ko zan ji ɗan ɗaci a muryarta in ji daɗi. Babu ko kaɗan, kamar ma ta fi ni murna.

Daga ranar ta shiga uku da ni. Na kira na tambayi tsawon taburin, ta ce ba ta taɓa aunawa ba, na ce ta auna. Na kira na tambaya ta ina rana ke shigowa, don ƙanwata ta ce in taga na bayana, Inna inuwa kawai za ta gani, ta ɗauka ko labule ne. Na kira na tambaya ko ana barin mutum ya ci da hannu, ko za a samu ruwan wanke hannu a kwano, ko za a iya nisanta mu da masu kwalba. A kira na shida ta ce, cikin ladabi, tana so ta san ko shugaban ƙasa za mu kawo. Ban san abin da ya hau kaina ba, na kwashe labarin duka na faɗa mata, da murfin kwano da komai. Can ta ce ita ma ƴar fari ce, kuma za ta sa a kashe fitilar da ke saman kujerata.

Mutum na huɗu shi ne kawu, ƙanin Inna, tsohon direba, shekara talatin a hanyar Kwatano. Ba yadda za mu yi ba shi. Inna ba ta shiga baƙon wuri sai yana gaba, sannan ƙanwata ta ce surutunsa zai rufe ƙarar taunata. Na same shi a rumfarsa ta bakin tasha, na ja shi gefe na faɗa masa, na roƙe shi don Allah don Annabi kada maganar ta fita. Ya dafa ƙirji ya ce shi da ya yi shekara talatin yana wuce jandarma da fuska ɗaya, shi za a koya wa riƙe magana?

Madam ta turo hoton takardar abincinsu a waya, na zauna ina fassara wa kawu. Kowane abinci sunansa layi biyu. Na karanta wani mai tsawo, na warware masa shi, ashe giwan ruwa ne da shinkafa. Ya ce wato kifin da ke wucewa ta ƙofar gidanmu, shi za mu bi kilomita ɗari uku mu gaishe shi? Ya tambaya ko suna da dambun zogale, na ce babu. Ya ce tuwon gero fa, na ce babu. Ya ce to me mutane ke layi a kai? A ƙarshe muka tsayar wa Inna giwan ruwan, don ba ya da ƙananan ƙaya. Shi kuma ya ce a rubuta masa ƙafar rago, kuma in gaya musu shi ba baƙo ba ne, kada a kawo masa ƴar tsoka a tsakiyar faranti da ganye a kanta kamar an yi wa yaro kitso.

Ni kuwa aka sa ni horo. Ƙanwata ta ce da abu uku Inna ke gane ni, turarena, da gyaran murya, da jan takalmi. Na ajiye turaren da na yi shekara ashirin ina shafawa. Na koyi ɗaga ƙafa kamar mai tsallake kwata. Kullum da rana matata ta ajiye mini abinci, ta zauna da agogo a hannu, wai in ci shiru. Ranar farko minti huɗu na yi, na ce miyar ba gishiri. Ranar da na fi ƙoƙari na kai minti goma sha ɗaya, sai akuyar maƙwabta ta shigo ta nufi shanyar shinkafa. Matata ta yi dariya har ta kwanta a tabarma, ta ce mu dai yi addu'a kada akuya ta hau hawa na uku.

Saura kwana goma, na je sayen kifi, mai kifin ta ce, "Patro, an ce abinci za ku ci a sama." Na yi kamar ban ji ba. Na isa fili, wani direba ya ɗaga mini hannu ya ce ya ji wai zan zama bebe na awa ɗaya, yana so ya san ranar ya zo kallo. Da na haye Malanbil, mai canjin kuɗi ya tambaye ni jikin tsohuwa, ya ce dabarar tagar nan ta burge shi.

Na nufi rumfar kawu ina huci. Ya ce shi wallahi bai faɗa wa kowa ba, tela kaɗai. Sabuwar riga ya ba da ɗinki saboda ranar, kuma dole tela ya san inda za a je da ita, don ya san yawan wurin da zai bar wa ciki. Shagon telan nan a bakin tasha yake, benci uku gare shi, kuma ban taɓa ganin ɗaya babu mutum ba.

Duk da haka na riƙe ɗan fata. Na ce Inna ba ta fita, wataƙila maganar ta zagaye gari ta bar gidanmu. Wautar da na yi ke nan, kamar ban san matan da ke shigowa duba ta safe da yamma ba.

Saura kwana shida ƙanwata ta zo daga Yamai don ta shirya ta. Da safe na je gaisuwa, na durƙusa a bakin ƙofa inda na saba. Inna na zaune a bakin gado, fuskarta wajen bango. Ta amsa gaisuwar a gajarce. Sannan ta ce wa ƙanwata, da ƙarfin da zan ji:

"Ki ce ma wancan ya kashe maganar Asabar ɗin nan. Ba ni zuwa."

Na jira, na ce ko akwai saura. Sai kukan akuya a waje.

Na tashi na fita. Na biya ta tasha na wanke kawu tas a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba, har da rigar da cikin da za a sa a cikinta. Na je fili na yi faɗa da wani direba a kan abin da ba laifinsa ba. Da faɗan ya ƙare sai na ga ba haushi ne ke cina ba. Baƙin ciki ne. Ko a makance, ko a ɓoye, ko ina can ƙarshen tabur kamar labule, uwata ba ta iya cin abinci ina wurin. Na zagaya bayan wata kamyon siminti na zauna a kan dutse na yi kuka, ni da ƴaƴa biyar.

Daga nan na kira madam na ce ta ba wani taburin. Ba ta tambaye ni dalili ba, na kuwa gode mata a raina.

Bayan azahar ƙanwata ta same ni a ofis, ta zauna a kan kujerar baƙi ta ce matsalata ke nan, ba na bari a gama magana. Na ce ai na jira. Ta ce na jira ina wurin, ta yaya Inna za ta faɗi sauran ina wurin? Wai ina fita, Inna ta juyo ta ce, "Abinci mai tsada haka, a makance za ni ci shi? Ya bari sai an buɗe idon." Ƙanwata ta ce ita ma ba ta gane ba da farko. Ta tambaye ta a hankali, to in an buɗe, da shi za a je ko ba da shi ba? Inna ta ja tsaki ta ce, "Mutum ya kama wuri, a ce ya tsaya waje?"

Na sa ta maimaita mini sau uku. Na ce ko dai ita ta ƙara gishiri don ta lallashe ni. Ta rantse. Sannan ta ce in je in ba kawu haƙuri, don yana can ya ce ya fasa rigar.

Kiran da na fi jin nauyinsa shi ne na gaba. Tandan mutane ya riga ya isa, ba ni da sauran abin da zan riƙe su da shi. Na ce wa madam na san na zama ciwon kai, amma ko akwai wata rana bayan aikin, kowace ce, ko Laraba, ko wata uku ne zan jira.

"Laraba?" in ji ta. "Ai Laraba kullum akwai wuri, mushe."

Na ce to me ya sa ba ta taɓa faɗa mini ba? Ta ce ban taɓa tambaya ba, Asabar nake ta ihu a kai.

Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi. Likita ya ba Inna wani baƙin tabarau, ƙato, irin na masu walda, ya ce ta sa na mako ɗaya saboda haske. Larabarmu ta faɗo kwana tara bayan aikin. Da muka zo fita daga gidan ƙanwata, tabarau na nan a fuskarta. Ƙanwata ta ce ai likita ya ce ya isa, ta cire. Inna ta ce hasken Yamai ya yi mata yawa.

Kawu ne a gaba cikin sabuwar riga, yana gaisawa da duk wanda ya gani har da masu cin abincinsu. Madam ta tarye mu a ƙofa. Ni na ɗauka siririya ce, ashe ta yi biyuna. Ta durƙusa har ƙasa ta gaida Inna, ta kai mu dogon taburin nan da na sa ta auna. Na zauna a ƙarshensa, don ban san inda kuma zan zauna ba. Inna ta zauna ta juya fuska wajen taga, tana fuskantar kogi.

Aka kawo ruwa a kwano ta wanke hannu. Aka ajiye mata kifi. Kawu ya fara gardama da yaron da ya kawo abincin a kan girman ragon da aka cire wa wannan ƙafar. Ni ban ji rabin abin da yake faɗa ba, hannun Inna nake kallo ta gefen ido, yana nan ajiye a bakin faranti. Na ce a raina yanzu za ta ce ta ƙoshi. Sai na ji ta yi bisimilla a hankali. Ta gutsuri kifin, ta haɗa da shinkafa, ta dunƙula, ta kai baki.

A hankali take tauna, ta gefe ɗaya. Ta yi loma ta biyu, ta yi ta uku. Nawa abincin yana gabana yana hucewa, ban taɓa shi ba. Fuskarta dai na wajen kogi, amma da baƙin gilashin nan babu mai iya cewa ga inda idonta yake.

Ta kai rabin kifin, sai ta ɗan karkata wajen ƙanwata, ba ta juyo ba.

"Ke," ta ce, "yaushe ya yi furfura haka?"

Ƙanwata ta dube ni, ta dube ta. Ta ce, "Ai ya fi shekara goma, Inna."

Idonta bai fi shekara biyu da lalacewa ba, duk mun sani. Ko kawu sai da ya ajiye ƙashin da ke hannunsa.

Inna ta gyara tabarau. Ta ce, "Ba wanda ya gaya mini."

Ta ci gaba da cin kifinta. Na sunkuyar da kai, na ja farantina, na sa hannu.